Cinyar Alade a Kaskon Gida: Magana ga Dattawa da Iyayenmu Mata



Akwai maganar da ta daɗe tana yawo a ƙofar majami'u da bayan taron Zumuntar Mata, amma ba a cika kawo ta gaban dattawa ba sai ta riga ta zama rigima. Maganar naman alade ce. A dā ba ta damu ƙananan ikkilisiyoyinmu na ƙasar Hausa ba, domin a yawancin garuruwanmu ko mutum yana so ba zai same shi a kasuwa ba. Yanzu abin ya canja. 'Ya'yanmu da ke karatu ko aiki a Jos, Kaduna, Abuja da Legas suna dawowa hutun Kirsimati da tsaraba daga manyan kantuna, a cikinta kuwa har da wani yankakken nama mai ɗan ja a leda, wanda Turawa ke kira "ham". Uwar gida ta karɓa tana jujjuya shi, ba ta san yadda ake dafa shi ba, ba ta kuma san ko ya kamata a dafa shi a gidanta ba. Tambayoyi biyu ke nan, kuma wanda ya amsa ɗaya ya bar ɗaya bai taimake ta ba.

Ra'ayinmu shi ne, mai bi yana da 'yancin soya wannan nama a gidansa, babu kuma dattijon da ke da hurumin hana shi Jibin Ubangiji saboda haka. Amma nama ne na kaskon gida, iyakarsa ke nan. Ba shi da wuri a tukunyar taro, kuma zunubi ne a mai da shi ma'aunin bangaskiyar wani.

Bari mu fara da naman kansa, don da yawa cikinmu suna gardama a kan abin da ba su taɓa gani ba. Ham cinyar baya ce ta alade da aka adana da gishiri, ko dai a shafa mata shi a bushe, ko a jiƙa ta a ruwansa, sau da yawa kuma a yi mata banda da hayaƙi. Dabarar tsohuwa ce a Turai. Kafin zuwan firji, manomi yakan yanka aladensa a farkon hunturu, ya cusa wa cinyoyin gishiri ya rataye, iyali su yi ta yanka kaɗan-kaɗan har sanyi ya wuce. Mu da muka san kilishi da bandar kifi ba sai an yi mana dogon bayani ba. Abin da ake kawo mana a leda faifai ɗaya ne da aka yanko a gicciye daga cinyar, kaurinsa kamar yatsa, faɗinsa kamar tafin hannu ko fiye, wani lokaci da ɗan zagayayyen ƙashi a tsakiya da kitse a gefe. A Amurka akan soya shi da ƙwai don karin kumallo. A kudancin ƙasar har baƙin kofi ake zubawa a kaskon bayan an kwashe naman, a yi romon da za a ci da shi. A Ingila suna da irinsa da suke kira "gamon", wanda suke ci da soyayyen dankalin turawa da ƙwai ko yankin abarba. Abincin mutanen ƙasashen sanyi ne da suka gada daga kakanninsu manoma, babu abin da ya haɗa shi da bishara. Mun faɗi haka ne domin akwai matasan da ke zaton cin abincin Bature wani mataki ne na girma cikin Ubangiji.

To, me Littafi Mai Tsarki ya ce? Ba mu musun cewa Shari'ar Musa ta haramta alade. Littafin Firistoci sura 11 da Maimaitawar Shari'a sura 14 sun sa shi cikin dabbobi marasa tsarki, domin kofatonsa a rabe yake amma ba ya tuƙa. Isra'ila aka ba wannan doka, tana cikin abubuwan da suka bambanta su da al'umman da ke kewaye da su. A Markus sura 7 Ubangiji ya koyar cewa daga zuciya ƙazantar mutum take fitowa, marubucin kuma ya ƙara bayani a aya 19 cewa wannan koyarwa ta shafi kowane irin abinci. Mutane sukan ruga zuwa wahayin Bitrus a Yafa, cikin Ayyukan Manzanni sura 10, amma mu lura, Bitrus da kansa ya fassara wahayin a gidan Karniliyas, ya nuna a kan mutane ake magana, wato kada ya ƙyamaci wanda ba Bayahude ba. Hujjar da ta fi ƙarfi tana sura 15. Sa'ad da manzanni da dattawa suka zauna a Urushalima, wajen shekara ta 49, don yanke abin da za a ɗora wa Al'ummai masu bi, abubuwa huɗu kawai suka rubuta a guje wa: abin da aka miƙa wa gumaka, jini, maƙurarriyar dabba, da fasikanci. Yahudawa ne suka jagoranci wannan taro, mutanen da aka rene su cikin ƙyamar alade, sun kuma san sarai cewa Helenawa da mutanen Roma suna cinsa ƙwarai. Da sun ga dole ne, da sun rubuta shi. Ba su rubuta ba.

Saboda haka dattijon da ya ce zai sa mai bi a horo don an ji ƙamshin alade a gidansa, ya ɗora kayan da manzanni suka ƙi ɗorawa. Mun san akwai Kiristocin da ba sa ci. Ikkilisiyar Otodoks ta Habasha, wadda ta girmi dukan ikkilisiyoyinmu da ƙarnuka masu yawa, tana guje masa har yau, haka ma 'yan Adbentis masu kiyaye Asabar. Wannan tsarinsu ne, ba mu zarge su ba. A ɗaya gefen, 'yan'uwanmu na kudancin Kaduna, Filato, Binuwai da Adamawa suna kiwonsa, da kuɗinsa ake biyan makaranta, a ba da baiko da zakka. Kasuwar Katsit da ke kusa da Kafanchan, mai ci ranar Alhamis, tana cikin manyan kasuwannin aladu na ƙasar nan, daga can ake lodinsu zuwa kudu. Fastoci nawa ne aka ilimantar da kuɗin aladen iyayensu mata? Wanda ya yamutse fuska don an ambaci kiwon alade, ya tuna gumin 'yan'uwansa yake rainawa.

Tun da ya halatta, sai a dafa shi yadda ba zai cuci kowa ba, gama jikin nan ma amana ne. Da fari a karanta abin da aka rubuta a jikin ledar, ko a ba yaro ɗan makaranta ya karanta. Ham iri biyu ne. Akwai wanda an riga an dafa shi a kamfani, wannan ɗumamawa kawai yake bukata. Akwai kuma wanda gishiri da hayaƙi kaɗai ya sha, ɗanye ne, kamar gamon ɗin Ingila. Ido ba ya raba su da sauƙi. Dalili kuwa, akwai wani sinadari mai suna naitirait da ake haɗawa da gishirin don hana mugayen ƙwayoyin cuta tsirowa, shi ke ba naman wannan launi, launin kuma ba ya gushewa ko an dafa. Iyayenmu mata sun saba gane nama ya nuna idan jan ya ɓace. A nan wannan alama ba ta aiki, mai jiran jan ya ɓace za ta soya shi har ya zama ƙirgi.

Sai batun gishiri. A yanki ɗan ƙarami a soya sosai a ɗanɗana. In gishirin ya yi zau, a jiƙa faifan a ruwan sanyi na ɗan lokaci a wuri mai sanyi, ana canja ruwan. Irin busasshen nan da ake ratayewa yakan bukaci sa'o'i da dama. A tsane shi da tsumma mai tsabta, don jiƙaƙƙen nama ba ya soyuwa, turaruwa yake yi. A tsaga kitsen gefe da wuƙa nan da can, tazarar yatsa biyu, in ba haka ba zafi zai ja kitsen, faifan ya nannaɗe kamar kwano, tsakiyarsa ta daina taɓa kasko. A ɗora kasko a wuta matsakaiciya da ƙaramin cokali ɗaya na man gyaɗa, don naman yana da nasa mai. Dafaffe yana bukatar minti 3 zuwa 4 kowane gefe. Ɗanye mai kaurin yatsa yakan kai minti 5 zuwa 6 kowane gefe, har zafi ya ratsa tsakiya. Tun shekarar 2011 Ma'aikatar Aikin Gona ta Amurka ta tsayar cewa gutsuren naman alade ya kai digiri 63 na ma'aunin Salsiyas a cikinsa, sa'an nan a bar shi ya huta minti 3 kafin a yanka. Wanda aka taɓa buɗewa ko aka ajiye saura kuwa, a ɗumama shi har digiri 74. Mun san gidajenmu kaɗan ne ke da ma'aunin zafin nama. Marar shi ya tsaga kusa da ƙashin ya duba: turiri ya fito, tsokar ta yi ƙarfi, babu santsi ko sheƙi irin na ɗanyen nama.

Kada a sa gishiri, kada a sa dunƙule. Wannan ne kuskuren da hannun da ya saba da miya zai yi ba da sani ba. Albasa, citta, attaruhu da ɗan masoro sun isa. Mai son zuma ko sukari ya shafa a minti na ƙarshe, don suna saurin ƙonewa su yi ɗaci. Turawan da suka haɗa shi da abarba sun san abin da suke yi, tsami da zaƙinta suna karya gishirin. In a kan gawayi ne, a jira harshen wuta ya kwanta, a gasa a kan garwashi kamar balangu, gama kitsen yana ɗiga yana tayar da wuta. A ci da dafaffiyar doya, dankali ko shinkafar da ba a sa wa gishiri ba, da kabeji ko latas a gefe. Faifai ɗaya babba ya ishi mutum uku.

Ba rowa ce ta sa muka ce mutum uku ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babban mutum ya wuce giram 5 na gishiri a yini, wato kamar ƙaramin cokalin shayi ɗaya, babban faifan ham kuwa shi kaɗai zai iya cika wannan adadi. Ku dubi benci na gaba a majami'arku ku ƙirga dattawa nawa ne ke shan maganin hawan jini. A shekarar 2015 kuma cibiyar binciken ciwon daji ta wannan hukuma, da ke birnin Liyon na Faransa, ta sa naman da aka sarrafa da gishiri ko hayaƙi cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji, ta ce cin giram 50 kowace rana yana ƙara haɗarin ciwon dajin hanji da kusan kashi 18 cikin 100. Maganar a kan mai ci kullum ce. Wanda ya ci sau biyu ko uku a shekara ba shi aka nufa ba. Abincin biki ne, a bar shi a matsayinsa.

Wani abin da ake mantawa shi ne, ham na leda ba kilishi ba ne, yana da ruwa a jikinsa, sai da sanyi yake zama. Ka'idar da masana abinci ke bi ita ce kada irin wannan nama ya wuce sa'a biyu a waje, in zafin gari ya haura digiri 32 kuma, sa'a ɗaya. Wanda ya yi yini guda a bayan mota daga Legas ba tare da ƙanƙara ba, a zubar da shi, ko da ɗanmu na fari ne ya sayo da albashinsa na fari. Wanda ya iso da sanyinsa, a dafa shi a ranar, tun da wutar lantarki ba abin dogara ba ce a garuruwanmu.

Wasu za su ce su ba su da ɗa a birni, amma sukan sami ɗanyar cinya daga mahauci idan sun je kudancin Kaduna ko Filato. Wannan wani nama ne dabam, haɗarinsa kuma ya fi girma. Aladen da aka saka yana yawo a inda mutane ke bayan gida a daji yakan haɗiyi ƙwayayen tsila, wato doguwar tsutsar ciki, su zama wasu fararen ƙulli kamar ƙwayar shinkafa a tsokarsa da harshensa. Wanda ya ci irin wannan nama bai nuna ba, tsila za ta girma a hanjinsa, ya riƙa fitar da ƙwayayenta a bayan gida. Duk wanda ya haɗiyi ƙwayayen nan ta hannun da ba a wanke ba, ko ruwa, ko ganyen da ba a wanke ba, suna iya tafiya har ƙwaƙwalwarsa su jawo farfaɗiya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a wuraren da cutar ta yi katutu, ita ce sanadin kusan kashi 30 cikin 100 na masu farfaɗiya. Yara nawa muka yi wa azumi da addu'ar korar aljanu alhali asibiti ya kamata a fara kai su? Addu'a wajibi ce, amma ba ta hana zuwa wurin likita. Naman da aka ga ƙullin nan a jikinsa ba na ci ba ne. Wanda ya fito da tsabta ma, a dafa shi har jan ya ɓace gaba ɗaya, don a ɗanyen nama alamar iyayenmu mata tana aiki. Gishiri da banda kaɗai ba su isa a dogara gare su ba. Kada kuma kowa ya sayi naitirait ya ce zai yi nasa ham a gida da kintace, in ya yi yawa guba ne.

A yi hattara da nama mai araha lokacin annoba. A shekarar 2020 zazzaɓin aladu na Afirka ya hallaka ɗaruruwan dubban aladu a gonakin Oke-Aro da ke kan iyakar Legas da Ogun. Cutar ba ta kama mutum, amma mushe mushe ne, araha kuwa ba ta ado. Ƙwayar cutar tana daɗewa a cikin nama ko an sa masa gishiri, don haka masu kiwo kada su zuba wa aladunsu ragowar naman alade.

Ku lura da abin da muka faɗa a kan tsila: mutumin da bai taɓa sa alade a bakinsa ba yana iya kamuwa da farfaɗiya saboda sakacin wanda ya ci. Ashe kaskon gidanmu bai tsaya a gidanmu ba. Wannan ya kawo mu ga maƙwabta.

Yawancinmu muna zaune a tsakiyar Musulmi, wasunmu a gidan haya ɗaya, tsakar gida ɗaya, rijiya ɗaya. Da yawa daga cikinsu danginmu ne na jini, kawunai da gwaggwanni da ƙannen da muka sha nono ɗaya. A wurinsu haramcin alade a bayyane yake cikin littafinsu, ba sa wasa da shi. Akwai kuma wata al'ada mai daraja da iyayenmu suka bar mana: ran Sallah a aiko mana da nama, ran Kirsimati mu aika da shinkafa da miya. Gidaje da yawa har Musulmi suke kira ya yanka musu akuyar Kirsimati don maƙwabta su ci hankali kwance. Dukan wannan a kan abu ɗaya ya tsaya, wato maƙwabciya ta tabbata abin da ke cikin kwanon shi ne abin da aka ce mata. Ranar da ta ji an soya alade a kaskon da ake soya mata kaza, ba za ta zo ta yi faɗa ba. Za ta karɓi kwanon ta yi godiya, ta zubar a bayan gida, 'ya'yanta kuma su daina shigowa. Zumuncin shekara talatin ya mutu ba wanda ya ɗaga murya.

Don haka gidan da zai soya ham ya ware masa kaskonsa, wuƙarsa da katakon yankansa, kada a ba da aronsu, kada a dafa abincin baƙi da su. Kada a dafa shi ranar da ake girkin rabo. A tsakar gidan da ake tarayya da wasu, gara a haƙura gaba ɗaya, gama ƙamshinsa ba ya ɓoyuwa. A ƙulle ƙashi da leda a binne ko a ƙone, kada kare ya ja su zuwa ƙofar wani, balle ƙofar masallaci. Mun ga garuruwan da abin da bai kai wannan ba ya ci rayuka. A ja wa yara kunne kada su tsokani abokansu da shi. Babu kuma wani dalili, ko wasa ne ko ramuwa, da zai sa a ba mutum naman alade a ce masa na sa ne. Wannan ƙarya ce da cin amana, ya kamata dattawa su hore shi kamar yadda suke horon sata.

Abin da ya fi ci mana rai kuwa yana cikin ikkilisiya. Muna da 'yan'uwa da suka karɓi Almasihu daga Musulunci, wasu sun rasa gado, wasu mata, wasu ma gari. An rene su cikin ƙyamar wannan nama, ko warinsa suka ji zuciyarsu na tashi. Sai ka ji wani yana cewa, in da gaske ya tuba, ya ci mu gani. 'Yan'uwa, wa ya ba mu wannan jarrabawa? Baftisma aka ba mu, ba kasko ba. Mutumin da ya bar gidan ubansa saboda sunan Yesu ya riga ya ba da shaidar da yawancinmu ba a taɓa neman mu ba da ita ba.

Tarihi ya nuna mana su wane ne ke gwada mutane da alade. Wajen shekara ta 167 kafin haihuwar Almasihu, sarki Antiyokus na Suriya ya tilasta wa Yahudawa su ci shi don su nuna sun bar Allahn kakanninsu. Littafin Makabiyawa na biyu ya ba da labarin tsohon malami Ele'azara da ya zaɓi mutuwa a kan haka. Abin kunyar shi ne, masu kiran kansu Kirista sun maimaita wannan. A ƙasar Sifen, bayan korar Yahudawa a 1492 da tilasta wa Musulmin Kastil yin baftisma a 1502, kotun binciken bangaskiya takan karɓi ƙarar cewa wane ba ya cin alade a matsayin alamar cewa tubarsa ta baka ce. Maƙwabta suka zama 'yan leƙen tukunyar juna. Daga 1609 zuwa 1614 aka kore zuriyar Musulmin nan daga ƙasar, duk da baftismar da aka yi musu. Mu da muka san ɗacin zama tsiraru, mu ne za mu ɗauki sandar Antiyokus?

Manzo Bulus ya tarar da irin wannan rarrabuwa a ikkilisiyar Roma, inda wasu ke cin kome, wasu kuwa ganye kaɗai. A Romawa sura 14 ya hana mai ci raina marar ci, ya hana marar ci hukunta mai ci. Ya yarda cewa abincin da kansa ba shi da aibu, amma ya ce ga wanda lamirinsa ke ganin aibu, in ya ci ya yi laifi. Ma'anarsa, idan muka matsa wa sabon mai bi har ya haɗiye don kunyarmu, mun sa shi zunubi da hannunmu. A 1 Korantiyawa sura 8 batun naman gumaka ne, ba alade ba, amma matsayin da ya ɗauka ɗaya ne, ya gwammace ya bar nama har abada da ya zama sanadin tuntuɓen ɗan'uwa.

Mun san amsar da wasu za su bayar, kuma ba amsar banza ba ce. Za su ce, kullum mu ne masu sassautawa. An hana mu filin gina majami'a, an hana 'ya'yanmu gurbin karatu, yanzu kuma har abin da za mu soya a gidajenmu sai mun dubi fuskar wani? Za su ce abin da Fasto ke kira ƙauna, tsoro ne aka sa wa riga. Akwai gaskiya a ciki, an daɗe ana rufe mana baki da cewa zaman lafiya ya fi zama ɗan sarki. Amma a bambance. Filin majami'a da gurbin makaranta hakki ne, za mu ci gaba da nemansu a gaban hukuma da kotu ba tare da sunkuyar da kai ba. Faifan nama kuwa ba wanda ya ƙwace mana shi, mu ne muke zaɓar inda za mu soya shi da inda za mu bari. Ga yadda za a gane tsoro: mai tsoro, in maƙwabci ya tambaye shi ko Kirista na cin alade, zai ce a'a, mu ma haramun ne a wurinmu. Wannan ƙarya ce, kada mu yi ta. Amsar gaskiya ita ce, addininmu bai hana ba, wasunmu suna ci wasu ba sa ci, amma kwanon da ya zo gidanka daga gidana ba zai taɓa haɗuwa da shi ba. Wanda ya iya faɗar haka ido da ido ba matsoraci ba ne.

Muna roƙon majalisar dattawa ta kowace ikkilisiya ta zauna a kan wannan tun watan Nuwamba, don ba a fafe gora ranar tafiya. A gayyaci shugabannin Zumuntar Mata, tun da su ne ke riƙe da tukwane, da shugabannin matasa, da aƙalla mutum ɗaya cikin 'yan'uwanmu da suka fito daga Musulunci, a bar shi ya yi magana da bakinsa. A rubuta a littafin majalisa cewa ba za a sa naman alade a girkin bikin aure, suna, jana'iza, taron Sabuwar Rai ko kowane abincin da aka dafa da tukwanen ikkilisiya ba, kuma ba za a sa kowa a horo don ya ci a gidansa ko don ya ƙi ci ba. Inda akwai ma'aikacin lafiya ko malamin dabbobi a cikin membobi, a ba shi minti 15 bayan sujada wata Lahadi ya nuna wa jama'a yadda ake gane ƙullin tsila a jikin nama.